Ndunge da Shuɗin Bene

A unguwar Huruma ba mai kiranta Ndunge sai mijinta, shi ma sai in ransa ya ɓaci. Kowa Maman Mutheu ya sani, mai wankau, gajeruwar nan mai faɗin kafaɗa da ke zaune a hawa na biyar na Shuɗin Bene. In ka gamu da ita a matakala za ka ga filaya a soke a ƙugunta, kamar yadda wasu mata ke soke mabuɗin ɗaki.

Daga Kitui ta zo Nairobi tana budurwa, ta yi aikatau a gidan wasu masu kanti a Parklands. A nan ta haɗu da Kioko, mai walda, ranar da aka kira shi ya gyara ƙofar gidan. Ta kai masa shayi, ya ce sukarin bai ji ba, ta ce ai ba shayi ya zo sha ba. Washegari ya dawo wai ya manta guduma. Suka yi aure, suka haifi 'ya'ya, Mutheu kaɗai ta rayu. Ta girma ta yi aure a Mombasa, tana fama da nata gidan.

Duk tsawon zamansu Ndunge ba ta taɓa buga ƙusa ba. Kioko ba ya barin abu ya kwana a lalace. Shi ya haɗa musu gado na ƙarfe, ya kafa kanta, ya sa wa taga raga. Sai wata rana da hantsi ya faɗi a wurin aiki. Da aka sallame shi daga asibiti, ɓarin damansa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Abokan aikinsa suka goya shi har hawa na biyar, suka zaunar da shi a kujera kusa da taga, suka tura akwatin kayan aikinsa ƙarƙashin gado. Mutane sun ba Ndunge shawarar su sauko ƙasa, amma ɗakunan ƙasa sun fi ƙarfin mai wankau. A irin waɗannan gidaje, iya nisanka da ƙasa iya sauƙin hayarka, don ruwan famfo bai cika kai wa sama ba.

Bututun banɗakin hawansu ne ya fara fashewa. Ruwa ya bi baranda ya shigo ta ƙarƙashin ƙofarsu. Ndunge ta sauka wurin Barasa, mai kula da gidan, wani dogon mutum mai sanyin baki wanda ke wuni a kan benci a gindin matakala.

"Na gani, Mama," in ji shi. "Na faɗa wa mai gida. Yana hanya."

"Tun bara yake hanya. Daga ina ya taso?"

Barasa ya yi dariya. "Ke dai ba ki rabo da tsokana. Ki sa tsumma kafin ya iso."

Ba wanda ya taɓa ganin mai gidan. Suna kawai ake ji, Kamande, da lambar wayar da ake tura masa haya.

Ta hau tana haki. Kioko ya nuna ƙarƙashin gado da hannun hagu. Ta jawo akwatin, ya sa ta fito da tsohon tub na keke, ta yanka shi dogo-dogo da almakashi. Ta buɗe ƙofa yadda zai hango banɗakin daga kujerarsa, ta durƙusa cikin ruwa tana naɗawa.

"Ja," ya ce, kalmar na fita da ƙyar. "Ja sosai. Ba zani kike ɗaurawa ba."

"To taso ka ja da kanka, Baban Mutheu."

Ta faɗa ne ba tunani, sai ta ji nauyin maganar. Ta waiwayo. Shi kuwa dariya yake, ɓarin bakinsa ɗaya a karkace. Rabonta da dariyarsa tun kafin asibiti. Ta ja robar har yatsunta suka yi fari, ta ɗaure da waya, ruwan ya tsaya.

Daga nan abin ya zame musu jiki. Shi ido da baki, ita hannu. Ta koyi kwaɓa siminti a tsohon faranti, ta koyi toshe ramin ɓera da fasassun kwalabe, ta koyi taɓa bango da bayan hannu in an yi ruwa, don wayoyin gidan a tsirara suke cikin siminti, bangon kan ja mutum. Ƙarfen da ake dafawa a matakala ya tumɓuke, ta ɗaure shi da wayar shanya. Sakatar banɗaki ta cire, ta lanƙwasa ƙusa ta maye gurbinta. Da farko tana jin daɗi, don aikin ya ba Kioko abin faɗa. Amma ta kan dawo daga wankin gidajen mutane bayanta kamar zai ɓalle, ta hau da jarkar ruwa, kafin ta ɗora tukunyar tuwon ugali sai ta tarar da wani na jiranta a baranda.

"Maman Mutheu, fitilarmu na ƙyaftawa."

"Maman Mutheu, makullina ya ƙi juyawa."

Ba ta iya cewa a'a. Wani ya ba ta tumatir, wani ya ce Allah ya saka. Barasa kansa in an kai masa kuka sai ya ce, "Kun gwada injiniyar hawa na biyar?" Maman Shantel, maƙwabciyarta mai suyar kifi, ita ce ke jin haushin hakan.

"Ƙawata, ke kike riƙe wa Kamande gida, shi yana can yana ƙiba. Ki bari ya ruɓe ya zo ya gani."

"In ya ruɓe a kan wa zai ruɓe?" in ji Ndunge. "Kamande ba ya shiga banɗakin nan. Ni nake shiga."

Wata shekara da rani sai ga motar yashi da bulo. Kamande zai ƙara hawa biyu a saman shidan da ke akwai. Wata da watanni ƙura na zubo musu a abinci, leburori na hawa da sauka da buhunan siminti a wuya. Kioko ya riƙa leƙen rodin da suke wucewa da shi ta baranda, yana girgiza kai. Da aka gama aka shafe gidan duka da sabon shuɗin fenti, aka ƙara haya, sababbin mutane suka cika saman.

Damina ta zo da ƙarfi a watan Afrilu. Kogin da ke bayan layin ya cika ya shigo shagunan ƙasa da baƙin ruwa mai wari, ya kwana biyu ya janye. Bayan nan ƙofar Ndunge ta fara cijewa. Sai ta sa kafaɗa take rufuwa. Ta ɗauka katakon ne ya sha ruwa ya kumbura, ta ciro magagari ta goge saman. Ƙofar ta yi lafiya ɗan lokaci, ta sake cijewa. Ta sake gogewa. Wata siririyar tsaga ta bayyana a bango daga kusurwar taga ta nufi ƙasa a karkace. Ta cike ta da siminti ta shafe da cokali. Ranar Lahadi da ta dawo daga coci ta tarar simintin ya zubo, tsagar ta buɗe har ɗan yatsa na shiga.

Ta jawo akwati za ta sake kwaɓawa, Kioko ya buga hannun kujera.

"Ndunge. Bari."

"In bar shi iska na shigo maka?"

"Zuba ruwa. A ƙasa."

Ta ɗebo ruwa a kofi ta zuba a tsakar ɗakin. Da can ruwa kan tsaya inda ya zuba sai ta share. Yanzu ya miƙe a hankali ya gangara wajen taga, ɓangaren kogi, ya taru a gindin bango. Suka zuba masa ido su biyu.

"Ba ƙofa ba ce," in ji Kioko. "Gidan ne. Yana zama."

Ta zauna a bakin gado da kofin a hannu. Ba tsoro ne ya fara zuwa mata ba, gajiya ce. Ta dubi akwatin, ta san ba abin da ke ciki da zai yi maganin wannan.

Ta faɗa wa Barasa, ya ce kowane sabon gini yana ɗan zama kafin ya daidaita. Ta faɗa wa Maman Shantel, ita kuwa ta faɗa wa kowa. Ashe ɗakuna da yawa na ɓangaren kogi haka suke, kowa na goge ƙofarsa yana shiru. Ba a san wanda ya kai magana ba, amma wata Talata wasu mutane suka zo daga hukuma da huluna masu tauri, suka zagaya, suka ƙwanƙwasa ginshiƙai, suka zana babban jan gicciye a gaban gidan, suka ce kowa ya tashi. Inda za a koma kuwa ba su faɗa ba. Motarsu ba ta gama fita layin ba Barasa ya fito da ragowar shuɗin fenti.

"Mama, ara mini buroshinki."

"Ba ni da shi."

"Haba, na gan shi a hannunki jiya."

"Ya ɓace yau."

Ya samo tsumma ya ɗaura a sanda ya shafe. Jan ya riƙa leƙowa ta ƙarƙashin shuɗin, amma daga nesa ba a gani. Barasa bai haɗa ido da kowa ba. Shi ma da matarsa da 'ya'yansa a ƙarƙashin matakalar suke kwana.

'Yan haya suka taru a baranda da yamma, aka yi ta magana. Wani ya ce a daina biya, wani ya ce Kamande zai turo samari su cire ƙofofi kamar yadda ya yi wa wani mai ɗinki. Wani ya ce gidan da ke layin baya ya shekara da gicciye, har yau yana tsaye. Masu ɗan hali suka kira amalanke suka tafi cikin makon. Ɗakunansu ba su daɗe ba wasu suka shiga.

Ndunge ta shiga neman ɗaki. In ta gama wanki sai ta bi layi-layi, Huruma, Kariobangi, har Dandora. Na ƙasa take nema saboda Kioko. Wanda ta samu ta iya, ruwan kwata na kwana a ciki. Wanda ya bushe, ba ta iya ba. Ta kira Mutheu, ta ji muryar yarinyar a shaƙe, mijinta ba aiki, sai ta ce dama gaisuwa ce. Kowace safiya kafin ta fita tana duba tsagar, ta ajiye wa Kioko shayi a fulas da waya a cinyarsa, ta bar ƙofa a buɗe tunda ta daina rufuwa gaba ɗaya.

Tana shanya a wani gida a Pangani da tsakar rana wayarta ta yi ƙara. Maman Shantel ce.

"Ki zo. Matakala ta faɗi. Ba wanda ya mutu, ki ji ni da kyau, ba wanda ya mutu. Amma Baban Mutheu yana sama."

Ta bar kayan mutane a bokiti ta hau babur. Ta tarar da layin cike. Matakalar da ke tsakanin hawa na uku da na huɗu ce ta rabu da bango ta rufta kan ta ƙasanta. Wata mata ta karye a ƙafa, an tafi da ita. Wani kafinta a layin ya kawo dogayen katakai biyu an gitta a kan ramin, na sama suna ta rarrafowa ɗaya bayan ɗaya, yara a goye, wasu da talabijin a ka. An ce an kira masu ceto, suna zuwa. Lokaci-lokaci yashi na zubowa daga sama, mutane su ja da baya.

Barasa ya tare ta a gindin matakala. Fuskarsa duk ƙura.

"Mama, kowa saukowa yake. Ba mai hawa."

"Matsa."

"Ki jira masu ceto."

"Su ma suna hanya ko?"

Ya matsa. Ta cire takalmi ta hau. A bakin ramin ta durƙusa ta rarrafa kan katakan ba ta dubi ƙasa ba. Sai da ta haye ta ji motsi a bayanta. Barasa ne, da Oduor mijin Maman Shantel, wani ƙaton mai tura amalanke wanda ba su taɓa wuce gaisuwa ba.

Kioko na kujerarsa. Ya sa hularsa, ya jawo takalminsa ɗaya da ƙafar hagu, ɗayan ya gagare shi.

"Me ya kawo ki?" ya ce. "Sauka."

"Yi shiru, Baban Mutheu."

Oduor ya ce zai goya shi, amma da suka tuna katakan suka san ba za su ɗauki mutum biyu a tsaye ba, Kioko kuwa ba ya iya rarrafe. Ndunge ta dubi ɗakin. Gadon ƙarfe ne, ya yi nauyi. Ta jawo akwati ta ciro sukudireba ta fara kwance ƙofa. Kan ƙusar ya cinye, ta sa guduma ta ɓalle hinjin ƙasa. Suka kwantar da ƙofar, suka kwantar da Kioko a kai. Ta kwaso zannuwanta ta ɗaure shi a ƙirji da ƙugu da gwiwa, ta kwance igiyar shanya ta baranda ta zura ta ramin makulli ta ƙulla.

Suka sauko da shi hawa na huɗu. Oduor ya fara hayewa da bakin igiyar. Ndunge da Barasa suka ɗora ƙofar a kan katakan suna turawa, Oduor da kafintan na ja daga can. A tsakiya katakan suka lanƙwashe, ƙofar ta ɗan karkata. Kioko bai yi motsi ba, idonsa na kan rufi. Ndunge ta kwanta rub da ciki ta riƙe gindin ƙofar har ta daidaita, tana ce masa, "Saura kaɗan," ko da yake ba kaɗan ba ne. Da hannun Oduor ya kama kan ƙofar, sai ta ji ƙarfinta ya tafi gaba ɗaya. Barasa ne ya ce, "Mama, saura ke," sannan ta rarrafa.

Aka fito da shi layi a kan ƙofar, mutane na ɗaga waya suna ɗauka. Ya daɗe bai sauko ƙasa ba, ga shi ya sauko a ɗaure da zannuwan mata. Ya juya fuska gefe. Ndunge ta cire ɗankwalinta ta rufa masa, wata mata ta fasa kuka ta ɗauka gawa ce.

"Da ransa," in ji Maman Shantel. "Rana ce ta dame shi. Ku ba mutane hanya."

Masu ceto suka iso da la'asar suka zagaye gidan da igiya, ba a ƙara barin kowa ya hau ba. Gado, kanta, tukwane, akwatin kayan aikin Kioko, duk suna sama. 'Yan hayan suka kwana a zauren coci. Cikin makon katafila ta zo ta rushe Shuɗin Bene, masu tsintar ƙarfe suka bi baraguzan. Ndunge ba ta je kallo ba. Kamande bai bayyana ba, wayarsa a kashe. Barasa ya kwashe iyalinsa ya koma Bungoma, ya biyo ta coci ya yi musu sallama, ya tsaya kamar zai ƙara wata magana, sai ya ce Allah ya ba Baba lafiya.

Zaman coci ba ya ɗorewa. Ƙanen Kioko ya zo daga Kitui ya ce a kai shi gida, akwai ɗakin mahaifiyarsu, ba hawa ba sauka. Kioko bai so ba. Ya shekara talatin da wani abu a birni, ya ce me zai yi a ƙauye, ya ƙirga awaki? Ndunge ba ta lallashe shi ba, ba ta da ƙarfin lallashi. Ta ce, "Nan ɗin ma me kake yi?" Suka kai shi a motar haya, ta kwana uku ta gyara masa shimfiɗa, ta nuna wa matar ƙanen yadda ake juya shi da lokacin magani. A ƙauye ba mai ba da wankau, don haka ta dawo.

Yanzu tana Kariobangi, a ɗakin kwano, ita da wata mai sayar da gwanjo sun raba shi da labule. Ƙarshen wata take zuwa Kitui da magani da sukari. Tana samunsa a inuwar mangwaro, ya rame, amma fatarsa ta yi haske, maganarsa ta ɗan saki. Yakan tambaye ta labarin mutanen Shuɗin Bene, ta faɗa masa abin da ta sani: Maman Shantel na Dandora, matar da ta karye tana ɗingishi, wasu sun koma gidan layin baya mai gicciye. An ce an fara haƙa sabon tushe a inda nasu yake.

Zuwanta na baya ya ce ta dawo gida haka nan, shekaru sun ja.

"In na dawo wa zai sayi maganin?"

Ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa ta miƙe ƙafafu, ta jingina kai da gwiwarsa mai lafiya. Matar ƙanen ta leƙo za ta kira ta cin abinci, ya ɗaga mata hannu ta bari. Ndunge ta yi barci a nan har inuwa ta gushe, sannan ta tashi ta ɗaure jakarta, don motar Nairobi ba ta jira.